Sauya giyabos ɗin GMC Syclone ta 1991 a garejin gida: ta ina ake farawa?

Ɗan Gareji:
Assalamu alaikum manyanmu. GMC Syclone ce ta 1991, inji 4.3 mai turbo, da giyabos ɗinta na asali mai canza giya da kansa, samfurin 700R4. Giya ta ɗaya da ta biyu suna shiga lafiya, ribas ma haka. Da ta zo shiga ta uku sai injin ya yi ta ihu, motar ba ta ja. Man ya yi baƙi, yana warin ƙuna. Ana so a sauke shi a gida, a kan daɓen siminti, babu lif babu rami. Motar a Amurka take, a yankin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, saboda haka akwai tsatsa a ƙasanta. Mutum biyu za su iya? Me ake fara kwancewa? Kuma kowane 700R4 zai hau?

Oga Mai Giyabos:
Wa alaikumus salam. Alamun da ka lissafa na kulocin giya ta uku da ta huɗu ne, ya ƙone. Shi ne raunin 700R4 da kowa ya sani. Da wani kwanon ƙarfe na can ciki ne ya fashe, wanda ke riƙe da giyar tsakiya, da ribas da ta biyu da ta huɗu za ka rasa, ta ɗaya da ta uku su rage. Tunda ribas da ta biyu suna nan, kuloci ne.

Mutum biyu za su iya, in akwai kayan aiki. Amma kafin a ɗauki sifana a tsaya a tambayi abin da ya ƙona kulocin. Injin nan yana ba da ƙarfin doki 280, kuma ƙafafu huɗu ne ke ja kullum. Motar da ke ja da ƙafar baya kawai, in aka taka ta da ƙarfi taya ce ke zamewa, ƙarfin ya tafi a hayaƙin roba. Syclone ba ta zamewa, duk bugun a cikin giyabos yake sauka. Idan kuma wayar TV ta saki, wato wayar da ta taso daga totur ta shiga giyabos ta gefen dama, to matsin mai ya yi ƙasa kuma kulocin yana goga har ya cinye kansa. In ba a gano wannan ba, sabon ma haka zai bi.

Mai Kayan Gyara:
Kan tambayarka ta uku, a'a, ba kowanne ba. Na motar Chevrolet S-10 mai inji 2.8 ba zai hau ba ko kusa, ramukan notunan bakinsa daban ne. Injin 4.3 bakinsa ɗaya da na ƙaramin V8 na Chevrolet, irin wannan ake nema. Sannan dole ya zama na mota mai jan ƙafa huɗu, mai gajeren sandan baya da haƙora 27 da zai shiga tiransfa, wato akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Na mai jan ƙafa biyu sandansa dogo ne, kuma ba a canza sandan sai an wargaza giyabos ɗin gaba ɗaya, domin daga can ciki yake fitowa. A nemi na 1987 zuwa sama, mai sandan gaba na haƙora 30. Na farkon shekarun 1980 mai haƙora 27 a gaba ya fi rauni, kuma konbatarka, wato dunƙulen ƙarfen nan mai cike da mai da ke haɗa inji da giyabos, ba za ta shiga ba.

A kula da suna. A 1990 GM, kamfanin da ya ƙera motar, ta sauya wa 700R4 suna zuwa 4L60, abu ɗaya ne. Amma 4L60E mai harafin E a ƙarshe wani abu ne daban, kwamfuta ke canza masa giya, kuma kwamfutar Syclone ba ta san wannan aikin ba. Ana iya sa shi, sai dai da ƙarin na'urar sarrafawa da sabbin wayoyi.

Injiniya:
Ni shawarata kada ma a nemi wani. A gyara nata. Syclone guda 2,995 kacal aka ƙera a 1991, kuma saitin cikin giyabos ɗinta, da konbatarta, an yi su ne don wannan injin mai turbo. Na tsohuwar motar Blazer da aka ciro daga yadin gwangwan zai hau, zai kuma yi tafiya, amma an saita shi ne don injin da ƙarfinsa bai kai wannan ba. A sauke a gida, a kai wa mai gyaran giyabos wanda ya san 700R4, a ce ya sa kulocin uku da huɗu mai ƙarin faifai, kwanon ciki mai kauri, sabon bel na giya ta biyu da ta huɗu, ya kuma duba famfo. Ko da an sayi wani, kada a ba da na asalin a matsayin musaya. Darajar motar tana tare da shi.

Mai Kayan Gyara:
Gaskiya ne Injiniya, sai dai ba kowa ke da kuɗin cikakken gyara a lokaci ɗaya ba. Wanda zai sayi na hannu, aƙalla ya sa a buɗe masa kwanon mai ya gani. Ƙura mai laushi a jikin maganaɗisu ba komai ba ce. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko baƙin gari mai yawa, a bar musu kayansu.

Baba Bakanike:
Yaro, bari a fara da abin da zai sa ka fito daga ƙarƙashin motar da ranka. Syclone gajeriya ce ƙwarai, kuma giyabos a kan jak yana bukatar sarari. Ka ɗaga ta ta kusurwa huɗu har firam ya yi wajen santimita 60 zuwa 70 daga ƙasa, a kan dogaran ƙarfe huɗu masu ɗaukar tan 6. Ba bulo ba, ba jak kaɗai ba. Bayan ka ɗora, ka girgiza motar da ƙarfi daga gaba da baya. In ta motsa, sake zama.

Giyabos ɗin shi kaɗai ya kai kilo 70, konbata da manta wajen kilo 20, tiransfa ta haura kilo 30. Ka samo jak na giyabos mai faffaɗan kai da sarƙa, ana bayar da haya. Jak na taya da katako a kai shi ke karya wa mutane hannu.

Kwana biyu kafin aiki ka fesa man sassauta tsatsa a notunan salansa, na ƙarfen gicciye, da bakin bututan mai biyu da ke tafiya lagireto, safe da yamma. Motocin GM na wannan zamanin a gauraye suke, wani noti na milimita wani na inci, saboda haka ka tanadi saiti biyu.

Oga Mai Giyabos:
To ga yadda aikin ke tafiya. Cire wayar batir ta baƙi tukuna. Kafin ka shiga ƙasa, cire murfin distirbuta. Yana can bayan inji dab da bango, kuma idan ka sauke wutsiyar giyabos injin zai kwanta baya ya murƙushe shi. Duba fanka ma kada ta daki murfinta. Kwance wayar TV daga totur, zare ma'aunin mai.

A ƙasa, kwanon mai ba shi da notin tsiyaya daga kamfani. Notuna 16 ne masu kai milimita 13. Sassauta su, ka bar na gefe ɗaya a ɗaure kaɗan, man ya zubo ta kusurwa guda, wajen lita 4 zuwa 5. Mayar da kwanon da notuna kaɗan domin a kansa jak zai zauna. Yi wa farfela biyu alama da fenti kafin ka cire su, ta gaba da ta baya, don su koma yadda suke. Bututun salansa da ya ratsa ƙarƙashi daga hagu zuwa dama ya fita, sitata ma haka, sannan murfin da ke rufe konbata ta ƙasa.

Yanzu notuna uku masu kai 15 da suka haɗa konbata da farantin filawul. Juya injin da hannu ta notin gaban kuranshaf, ta inda yake juyawa kullum, ɗaya bayan ɗaya su bayyana. Bayan na ukun ka tura konbata baya zuwa cikin giyabos da hannunka. Dole ta fito tare da giyabos. Idan ta maƙale a jikin inji aka ja giyabos, sil da bushin famfo sun tafi, mai kuma ya wanke ka.

Daga nan wayar liba, soket ɗin lantarki na gefen hagu, wayar TV a jikin giyabos mai noti ɗaya na 10, da bututan mai. Su bututan nan a yi amfani da sifana mai tsaga ta bututu, rabin inci, a riƙe na jikin giyabos da wata sifanar. Sifanar baki buɗe takan cinye kan notin nan take. Sai jak a ƙasa, cire ƙarfen gicciye, sauke wutsiya a hankali. Notunan baki, masu haɗa giyabos da inji, shida ne, kai inci 9/16. Na sama biyu ba a kai musu ta sama, daga baya ake zura doguwar sanda, kusan mita ɗaya, da gaɓa mai lanƙwasa a kai. Kafin na ƙarshe ya fita a tallafe injin ta baya da wani jak da katako.

Ɗan Gareji:
Na gode Oga, Allah ya ƙara basira. Tiransfa fa, a bar ta a jiki su sauko tare ko a raba?

Injiniya:
Ana iya saukewa tare, yana rage wahalar kai wa notunan sama na mahaɗin.

Baba Bakanike:
A kan lif da babban jak, e. A ƙasa, a'a. Tiransfar BorgWarner 4472 nauyinta a gefe ɗaya yake, ɓangaren da farfelar gaba ke fita. Da zarar giyabos ya bar turakun saitin da ke riƙe da shi a jikin inji sai duka kayan su nemi juyawa, fiye da kilo 120 a saman ƙirjin mutum. A tsiyaye manta, a cire soket ɗin awon gudu, a raba ta ita kaɗai. Za a ga man giya ya zubo daga mahaɗin, wannan daidai ne.

Wani abu kuma. Ƙarfen da ke riƙe da sandunan dakon nauyi na ƙafar gaba yana kusa da wurin. Idan ka ga ba za ta fita ba sai an taɓa shi, ka sani sandunan nan a murɗe suke da ƙarfi mai kisa. Ƙirga zagayen notin saiti ka rubuta, kuma ka yi amfani da na'urar da aka yi don sauke musu nauyi. Kada a gwada da abin cire boris na kasuwa.

Injiniya:
Na karɓi gyara, Baba. A ƙasa a raba. Tunda an zo kan tiransfa, a canza sil ɗinta na gaba. In ya lalace man giyabos yakan tsallaka ya cika ta, mutum ya yi ta ƙara mai bai ga inda yake zuba ba. A duba robar gaɓar farfelar gaba, in ta yage a gyara yanzu. Kuma kada a ce za a gwada motar ba farfelar gaba. Tiransfar nan tana raba ƙarfi kashi 35 gaba, 65 baya, ta wani kulli mai ruwa mai kauri a ciki. Babu farfelar gaba, kullin ne zai ɗauki duk aikin har ya dahu, kuma motar tana iya gangarawa a hankali ko tana kan P, wato giyar fakin. Dalilin da ya sa ake son tayoyinta huɗu su zama girma ɗaya ke nan.

Oga Mai Giyabos:
Yanzu abin da ya fi kashe sabon giyabos tun kafin motar ta bar gareji: zaman konbata. Ina roƙo a karanta wannan sau biyu.

Zuba mata lita ɗaya na mai, shafa mai a wuyanta. Ɗora ta a kan sandan, kana riƙe da nauyinta, kana juyawa kana turawa. Matakai uku take shiga: haƙoran sandan gaba, haƙoran bututun da ke kewaye da shi, sannan tsaga biyu na wuyanta su kama kunnuwan famfo. Na ukun shi ake rasawa, domin bayan na biyu sai ta yi kamar ta zauna. Kada ka dogara da jin ƙara. Ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a bakin giyabos ka auna zuwa kunnuwan konbata inda noti ke shiga. Ya zama wajen inci ɗaya ko ɗan fiye, milimita 25 zuwa 28. In ka ga milimita 12 ko 15, ba ta zauna ba. Bayan ta zauna ka tare ta da ɗan ƙarfe ko waya a bakin giyabos, kuma wajen ɗagawa wutsiya ta ɗan yi ƙasa don kada ta zamo gaba.

Turaku biyu na saiti su kasance a jikin inji. Wani lokaci ɗaya yakan bi tsohon giyabos ya tafi, kuma in babu shi giyabos ba zai zauna a tsakiya ba, farantin filawul ya tsage, bushin famfo ya cinye. Giyabos ya manne da inji da ƙarfin hannu kawai. Idan akwai rata, kada a ce noti zai jawo shi. Wannan ratar konbata ce ke tokare da famfo, kuma noti zai fasa famfon ko ya tsage bakin alminiyon. A ja baya a sake.

Bayan an ɗaure baki, wajen Nm 47 a sifanar awon ƙarfin ɗauri, sa hannu ka juya konbata. Dole ta juya ba tare da ta taɓa komai ba, da rata ta milimita 3 zuwa 5 tsakaninta da faranti, sai ka jawo ta gaba. Kama notuna ukun duka da hannu kafin ka ƙulle ko ɗaya, sannan Nm 63 da ɗigon gam na noti.

Baba Bakanike:
Kafin a mayar, a haska faranti da tocila a kewayen notunan kuranshaf, a nan yake tsagewa. Sil ɗin bayan inji guda ɗaya ne zagayayye, kuɗinsa kaɗan, kuma ba za ka sake ganinsa ba sai an sake sauke giyabos. A canza. Robar gindin bututun ma'auni da ta wayar TV ma sababbi.

Hajiya Mai Shago:
Malam Ɗan Gareji, ba a yi maganar tsohuwar konbata da lagireto ba. Kulocin da ya ƙone garinsa ya bi mai ya shiga ko'ina. Konbata a rufe take da walda, ba ta wankuwa a gida, sai a kai a yanka a gyara ko a sayi wata mai saiti irin na Syclone. Mai sanyaya man giya kuma yana cikin lagireto, shi ma cike yake da wannan garin. A haɗa sabon giyabos da shi haka nan, cikin minti biyar dattin ya dawo ciki.

Injiniya:
Gwangwani biyu na maganin wanke bututu, a fesa ta baya da ta gaba, a bi da iska marar ƙarfi sosai, yakan wadatar in kuloci ne kawai ya ƙone.

Hajiya Mai Shago:
Ban yarda ya wadatar a motar da ta haura shekara 30 ba, Injiniya. Maganin gwangwani sanyi gare shi, abin da ya daskare a lungu ba ya fita sai mai ya yi zafi, wato sai bayan an haɗa. Kuma tsohon lagireto yana iya huda ta ciki, ruwa ya gauraya da man giya ya zama kamar madara mai ja. Ruwa yana ɓare gam ɗin faifan kuloci, babu gyara. Kuɗin lagireto bai kai kashi ɗaya cikin biyar na gyaran giyabos ba. A wanke bututan, a canza lagireto, a ƙara wani mai sanyaya na waje a bayansa.

Oga Mai Giyabos:
Ina bayan Hajiya. A 700R4 bututun ƙasa ne ke fitar da mai, na sama ke dawo da shi, saboda haka na wajen a kan layin da ke komawa sama ake sa shi. Ko wanne aka zaɓa, a gwada gudu: cire layin dawowa, sa a gora, tayar da inji. Kusan lita ɗaya cikin daƙiƙa 20. Ƙasa da haka akwai toshewa.

Mai kuwa Dexron ne. GM ta fito da Dexron VI a 2005 kuma ya maye gurbin na baya a irin wannan giyabos. Gaba ɗaya yana cin wajen lita 10 zuwa 11. Zuba lita 5 kafin tayarwa, da injin ya tashi ka ci gaba da ƙarawa ba jinkiri, domin famfo zai kwashe kwanon cikin ɗan lokaci. Taka birki, bi giyoyi ɗaya bayan ɗaya, koma P. Awon ƙarshe sai mota tana ƙasa a daidai, inji yana aiki, mai ya yi zafi. In an canza filta a tabbata tsohon sil ɗinta bai maƙale a rami ba, biyu a wuri ɗaya iska suke ja.

Ɗan Gareji:
Saura wayar TV da kuka ce ita ce tushen matsalar. Yaya ake saita ta?

Mai Rewaya:
Inji a kashe. A inda wayar ta ratsa maƙallinta kusa da totur akwai ɗan maɓalli. Danna shi, tura hannun wayar baya har ƙarshe, nesa da totur, ka saki maɓallin. Sai ka buɗe totur da hannu har ƙarshe, za ka ji tana ƙas-ƙas tana fitowa, ta saita kanta. Da hannu a jikin totur, ba da feda ba, domin kafet ko tsohuwar waya kan hana feda kai wa ƙarshe. Wayar da ta shekara 30 a canza ta kawai, haƙoran maɓallin sukan cinye ta riƙa zamewa da kanta.

Oga Mai Giyabos:
Wannan shi ne mataki na farko, amma ban amince a hau titi da shi kaɗai ba. A gefen hagu na giyabos, sama da inda liba ke shiga, akwai ɗan noti mai toshe ramin awo. Ɗaura agogon matsi mai kai wa psi 300. A P, inji yana sulo, za ka ga wajen 65 zuwa 85. Abin dubawa shi ne allurar ta motsa a daidai lokacin da totur ya fara motsi. In totur ya ɗan buɗe kafin allura ta tashi, waya ta yi sako-sako, kuma a wannan ɗan tsakanin ne turbo ke turo ƙarfi a kan kulocin da ba a matse shi ba.

A titi, da taka kaɗan, ta biyu ta shiga wajen mil 15 zuwa 20 a awa, kuma ka ji shigarta. Idan giyoyi suna bin juna da wuri, da laushi kamar ba a canza ba, tsaya nan take, wannan laushin ƙuna ne. Idan suna jinkiri suna duka, ko dai waya ta yi tsauri ko ta fita daga ƙugiyarta a ciki.

Mai Rewaya:
A gwada kullewar konbata ma, kwamfuta ce ke ba da umarninta ta soket ɗin nan na hagu. A giya ta huɗu, gudu a tsaye wajen mil 55, riƙe totur yadda yake ka ɗan taɓa birki da ƙafar hagu. Allurar juyin inji ta ɗaga da 200 zuwa 300 sannan ta koma. In ba ta motsa ba konbata ba ta kullewa, mai zai yi ta zafi a doguwar tafiya. A fara duba makunnin birki da fiyus kafin a zargi giyabos.

Baba Bakanike:
Mil 500 na farko a tafi da ita a hankali, kada a riƙe birki a tara ƙarfin turbo a tsaye. Bayan haka a sauke kwano a ga abin da ke ciki, a canza filta, a sake bin notunan ƙarfen gicciye da na farfela. Notunan kwano Nm 12 kawai, fiye da haka gasket ke matsewa ya fara ɗiga. Tiransfa ma man Dexron take sha, ƙasa da lita 2, a cika ta har ya fara dawowa ta ramin zubawa.

Ɗan Gareji:
Allah ya saka da alheri, iyayen gida. An tsaya a kan gyara na asali, sabon lagireto da sabuwar wayar TV. Agogon matsin, wane irin zare ne bakinsa?

Oga Mai Giyabos:
Zaren bututu na 1/8 inci. Samo mai tiyo doguwa, aƙalla mita biyu, ka ɗaure ta nesa da salansa, ka fito da agogon ta taga yadda na kusa da direba zai riƙa karantawa ana tafiya.